Zogalen Hamissou a Gonar Zaitun

Hamissou mutumin Damagaram ne, manomi ɗan manomi, fari ya koro shi Riyad da bizar lebura. Ya fara da dakon siminti a unguwar Sulay har bayansa ya ce ya gaji, sannan kafilinsa, wanda ya tsaya masa ya samu biza, ya miƙa shi ga wani kamfani mai gina gidajen sayarwa, can gabas da Nasim inda kwalta ta ƙare. Aikinsa wanke gidajen nuni, wato waɗanda ake gamawa a ƙawata a bar su ba kowa, masu hali su zo su zagaya su zaɓi irin wanda za a gina musu.

Kowane irin gida da sunansa, an rubuta da Larabci da ruwan zinare a bakin ƙofa. Oumarou maigadi, ɗan Maradi da ya daɗe a ƙasar, shi ya fassara masa su. Akwai Bakin Teku, a unguwar da sai tanka ta zo ake wanka. Akwai Iskar Asuba, wanda in ka buɗe tagarsa hayaƙin janareta ne zai fara gaishe ka. Akwai Gimbiya da Babbar Gimbiya, bambancinsu banɗaki ɗaya. Duk waɗannan Hamissou ya haɗiye. Wanda ya tsaya masa a wuya shi ne Gonar Zaitun.

"Ina gonar?" ya tambayi Oumarou.

"Ga ta can a allo, an zana ta."

"Zaitun ɗin fa?"

"Sarkin Noma, ja tiyo ka yi wanki. Ba don tambaya aka ɗauko ka ba."

Tsakar gidan kaf tayil ne, sai wata 'yar ƙasa a bayan kicin, jikin katanga, da masu aiki suka manta ba su rufe ba. Kullum Hamissou ya wanke tayil, nan ruwan yake gangarawa ya nitse. Mutumin da ya taɓa binne gero ya zuba wa sama ido har damina ta wuce, ba zai iya kallon ruwa yana shiga ƙasa a banza ba. Abin ya riƙa cinsa. Ya aika wa matarsa Balkissa, ta ƙulle masa irin zogale a tsumma, ta ba wata tsohuwa mai zuwa Umra, daga hannu zuwa hannu har ya iso.

Zogale kuwa ba ya jiran a roƙe shi. Kafin shekara ta zagayo ya wuce tsawon mutum. Ran Juma'a bayan masallaci Hamissou zai tsinko ganye ya dafa, ya daka gyaɗar kanti da barkono da albasa ya kwaɗa. Mutanen gida mazauna birnin suka ji labari. Daga Sulay ake zuwa, har da wasu ɗalibai daga Malaz masu gaisuwa da Larabcin littafi, amma in an ajiye tire sai Larabci ya ɓace. Oumarou da ya fi kowa ba'a shi ya fi kowa loma. Duk wayar da Balkissa za ta yi, kafin ta ba da labarin yara sai ta ce, "Malam, ina ya kai?" Shi kuma ya gwada mata da hannu kamar tana ganinsa.

Matsalar zogale bai san ɓuya ba. Ranar da ya leƙo saman katanga, mudir, wato manajan kamfanin, ya hango shi daga mota. Abu Nayif ake ce masa, mutum ne mai turare da yawa da haƙuri kaɗan. Ya zagaya baya, ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Wannan mene ne, ya Hamis?"

"Itace ne, mudir. Ana ci. Magani ne ma."

"Yana cikin hoton da muke nuna wa mutane?"

"Ba ya ciki. Amma mudir, gidan ai sunansa gona."

"Suna ne. Ka taɓa jin wanda ya sayi Bakin Teku ya zo neman kifi? Cire shi kafin baƙin ƙarshen mako."

Hamissou bai cire ba. Ya samo igiya ya lanƙwaso kan itacen ƙasa da katanga ya ɗaure a jikin famfo, wai dabara. Itacen ya yi kwana kaɗan a sunkuye, sannan ya fitar da sababbin rassa tsaye cak, sun fi na da yawa. Da Abu Nayif ya dawo bai ɗaga murya ba. Ya ce iƙamar Hamissou, takardar zamansa a ƙasar, ta kusa ƙarewa, kuma shi ne zai ce wa kafili a sabunta ko a bari.

"Ka zaɓa," in ji Oumarou da suka keɓe. "Yaranka ba ganye suke jira ba."

"Na sani."

"To me kake kallo?"

Da hannunsa Hamissou ya sare itacen. Bai bar kowa ya taɓa ba. Ya shanya ganyen a bayan ɗakin gadi, ya cusa wani reshe a bokitin fenti, reshen ya yi mako yana tunani ya bushe. Masu tayil suka zo suka rufe wurin tas, har jikin katanga.

Ba a daɗe ba mota ta sauke ƙatuwar tukunya a ƙofar gidan, da itacen zaitun a ciki, ganye shar, har da 'ya'ya. Hamissou ya matsa ya murza ganye ɗaya. Roba ce. Mudir ya ce masu saye suna yawan tambaya, gara su ga wani abu.

"Ƙura tana hawa kansa," ya ce. "Kullum da safe ka zuba masa ruwa ya yi ƙyalli."

Har yanzu Hamissou yana zubawa. Ruwan ya bi tayil ya faɗa kwata. Balkissa ta daina tambaya, tunda duk sanda ta tambaya sai ya ce layi ba kyau. Oumarou dai bai daina ba, yana zaune a kujerarsa yana kaɗa makullai.

"Sarkin Noma, yaushe girbi?"