Lorna da Jar Fitilar Motata

Duk wanda ya taɓa yin hunturu a garin Quartzsite cikin mota ya san Lorna Pruitt. Shekara talatin ta yi tana gyaran motocin ɗaukar 'yan makaranta a Nebraska. Da ta yi ritaya sai ta dawo hamada cikinmu, mu waɗanda motocinmu ne gidajenmu. Ba ta da fara'a ko ta sisi, kofin da take dafawa kuma ɗaci kamar magani.

Ban neme ta ba sai da abin ya kai mini wuya. Mako uku jar fitilar zafin inji tana kamawa a tsohuwar motata, ta ɗauke, ta sake kamawa. A wani gareji suka ce injin ya gama yawo. Ɗana Wendell ya bugo waya ya ce, "Mama, ya isa haka. Na samo miki ɗaki a gidan tsofaffi, ranar Asabar zan zo." Gaskiya na tsorata, don motar nan ita ce kaɗai gidana.

Lorna ta zo tana jan ƙafa, na kwashe labarin duka na faɗa mata. Ta sa na tayar da injin, muka jira har fitilar ta kama. Sai ta dafa tiyon lagireto da tafin hannu, ta zaro ma'aunin zafin da take gasa talotalo da shi ta manna.

"Lafiyarsa lau. Ni ma na fi shi zafi," ta ce.

"To fitilar fa?"

"Yi mini shiru, baiwar Allah."

Ba injin take saurare ba, cikin ɗakin motar ta kasa wa kunne. Firjina ya yi shiru, fitila ta ɗauke. Can ya sake tashi, ta kama.

"Wane gwani ne ya haɗa miki wayar firji?"

"Ni ce."

"Na ga alama. Duk halinku ɗaya, kun ga noti kun ga wurin rataya."

Ashe na ɗaure wayar a kan notin da ke riƙe da wayar ma'aunin zafi, ga tsatsa ta cinye shi. Ta kankare shi, ta canza wa wayar firjin wuri. Muka haura tudu muka sauko, fitila ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Hawaye kawai nake yi. Ta kawar da kai tana goge sifana.

"Kira yaron," ta ce. "Ki ce ya zo Asabar ɗin, zai ci abinci a gidan uwarsa."