Tagar Baba Bukari Ta Tafi Ingila

Har yau ban manta da ranar da muhandis ɗinmu, wato injiniya, ya yi hawaye a ofis ba. A farkon shekarun tamanin ne, ina tafinta a wani kamfanin gine-gine da ke faɗaɗa tituna a Madina. Muhandis ɗin Bature ne, ba Musulmi ba, don haka ba ya shiga haramin Madina. Ofishinsa na bayan gari. Ni nake kai masa taswira, ya ja jan layi a kan gidajen da za a rushe, in mayar wa mudir, shugaban kamfanin, a biya masu gida diyya, katafila ta shiga.

Ran nan na tarar da shi riƙe da hoton ƙauyensu na Ingila: coci mai hasumiya, gidajen dutse, da wata 'yar gada da ko jaki biyu ba za su gifta juna a kanta ba. Ya ce tun zamanin kakannin kakanninsa gadar take, yanzu wasu marasa tausayi na son rushe ta saboda mota. Ya share ido, ya jawo taswirata, ya ja layi a kan lungu guda.

A lungun akwai gidan Baba Bukari, wanda kakansa ya zo daga Katsina a ƙafa ya gina shi da baƙin dutse. Na faɗa wa Baturen. Ya ce, "Abin tausayi. Amma titi ba ya lanƙwasa."

Ranar rusau Baba ya ciro tagar benensa, ta katako mai sassaƙa, ya ce mini, "Ya waladi, ɗana, kai wa mai jan layin, ya ga abin da ya ja."

Da na kai wa Baturen, na zaci zai ji kunya. Murna ya yi, ya naɗe ta da bargo, ya tafi da ita hutu. Da ya dawo ya nuna mini hoto: gadar ta tsira, taga kuwa tana ɗakin tarihin ƙauyen, cikin gilashi, an hana taɓawa.

Na kai wa Baba hoton a gidan hayarsa na unguwar Harra ta Yamma. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Da na sani, da ni ma na shiga bargon."

Ku masu tasowa, ku riƙe wannan: a aikinmu, tsohon gini tarihi ne in a garinku yake. In a garin wasu ne, cikas ne a taswira.