Katin da ke cikin samirar Inna

Shekarun baya, lokacin ɗiyata ta fari tana goye, muna zaune a gidan haya a Ƙanƙara, maigidana ya shigo da wata magana da ta hana ni jin daɗin tuwo kwana biyu. Shi ma'aikacin jinya ne, a babban asibiti yake aiki. Ya ce akwai wata ƙasa mai nisa da ke neman irinsu, idan aka tantance takardun mutum aka ga sun cika, sai a ba shi izinin zama na dindindin, shi da iyalinshi. Ni da iyakar karatuna aji shida na firamare, cikin duk bayanin nan kalma ɗaya ce ta zauna mani a kunne.

Na ce, "Malam, dindindin ɗin nan, har da ranar Sallah?"

Ya yi ta dariya har yarinya ta farka. Ni dai ban ga abin dariya ba. Mahaifiyata na hango, Inna, a ƙauyenmu da ke bayan Daudawa, inda ko yau na so ganinta mota ɗaya ce da ɗan acaɓa.

Haka aka fara. Kullum yana shagon masu kwamfuta ana ɗaukar hoton takardu. Makarantar da ya yi ta aika da sakamakonshi kai tsaye. Akwai jarrabawar Turanci, wadda saboda ita ya koma magana shi kaɗai da safe, yana aske gemu yana yi wa madubi Turanci, har maƙwabciyata ta tambaye ni ko lafiya. Ni kuma addu'ata iri biyu ce. A fili in ce Allah ya ba da sa'a. A zuci in ce Allah ya zaɓa mana mafi alheri, kuma ni na san abin da nake nufi da mafi alherin.

Komai ya wuce lafiya sai abu guda. Masu tantancewar suka rubuto cewa suna son shaidar aiki ta shekara uku cif, a rubuce, da ranar farawa da ranar gamawa, suka kuma ba shi 'yan makonni. Aikinshi na Ƙanƙara bai cika shekara biyu ba. Sauran a ƙauyenmu ya yi shi, a ɗan ƙaramin asibitin da mutanen gari suka gina da hannunsu, su ne ma suka ɗauke shi aiki. Ranar da ya bar can sananniya ce. Ranar da ya fara ce babu ita a ko'ina, domin babban littafin da ake rubuta komai a ciki ya lalace wata damina da iska ta yaye kwanon ɗakin.

Wanda ya shugabanci asibitin a lokacin ya yi ritaya, yana Faskari. Maigidana ya je ya same shi, ya dawo jiki a sanyaye. Ya ce tsohon ya karɓe shi hannu biyu, har da fura, amma ya ce mashi, "Yaro, na san ka yi aiki, kuma ka yi shi da kyau. Amma watan da ka zo ya ɓace mani. Shekara talatin ban sa hannu a kan abin da na kintata ba, ba zan fara da furfura ba. Kawo mani abin da idona zai gani."

Na ce, "Allah sarki." Allah ya yafe mani, daren nan na ci tuwo har da ƙari.

Bayan kwana biyu ranar awon yarinya ta zo. Na buɗe samirata in ɗauko katinta. Mu matan can haka muke: duk takardar da ke da daraja, cikin kwanon samira take, can ƙasan jere, inda gara ba ta kaiwa, ruwa ba ya taɓawa, yaro kuma ba ya isa. Ina ɗaga katin idona ya sauka a kan sa hannun maigidana, don shi ya yi mata allurar farko. Ni ban iya karanta Turancin likitoci ba, amma wannan sa hannun ko cikin dubu zan fidda shi. Kamar lauje yake, da ɗan wutsiya a ƙasa. Kusa da shi kuma ga kwanan wata.

Nan take wani tunani ya zo mani. Duk yaron da ya yi wa rigakafi a ƙauyenmu yana da irin katin nan. Kowane kati da laujenshi da kwanan watanshi. Kuma babu uwar da ke yar da kati. Littafin asibiti ya lalace, amma samirun matan garinmu suna nan a rufe.

Na mayar da murfi. Kwana huɗu ina ɗauke da maganar nan a ciki. Idan ya shigo sai in kama sharar da na riga na yi. A kwana na huɗu na lura madubi ya huta, babu Turanci. Na ga ya ɗauki jakar takardun ya ɗora can saman kabad, inda muke ajiye abin da ba a buƙata. Ya juyo ya ce, "Allah bai yi ba. Ke kuma na gode da haƙurin da kika yi da ni watannin nan." Da faɗa ya yi mani da na jure. Godiyar nan ce ta karya ni.

Na ce, "Malam, sauko da jakar."

Da na gama bayani ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Yaushe wannan ya zo maki?" Na ce, "Ɗazu." Ya san ɗazun nan ta kwana huɗu ce, amma sai kawai ya miƙa hannu ya sauko da jakar.

Ranar Asabar muka tafi. A nan kuma aikin ya zama nawa, tunda shi namiji ba ya shiga gidajen matan aure. Aka shimfiɗa mashi tabarma gindin bishiyar bedi a ƙofar gidanmu. Na gaida Inna a tsaitsaye, na faɗa mata abin da ya kawo mu ina kallon ƙasa. Ta ce, "To, Allah ya taimaka," ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Na fita da sauri na nemo tsohuwar unguwarzomar garin, wadda ita ta yanke mani cibi, ta kuma san gidan kowa da shekarar haihuwar kowa.

Ta ce, "Wato ke 'yar nan, bai ishe ki ba kin ɗauke mana Likita kin kai birni, yanzu kuma bayan duniya za ki kai shi? In ƙafata ta kumbura wa zai duba?"

Na ce, "Iya, ai ƙafar nan taki tun ina yarinya take kumbura, ta ƙi fashewa."

Ta kai mani duka da gefen mayafi, ta shige gaba.

Har yau idan na rufe ido ina jin ƙarar murafun nan. Gida bayan gida, mace ta hau kujera ta sauko da jere, ta buɗe, ƙamshin turaren wuta da tsohon goro ya taso. Abin da ban gani ba a ranar kaɗan ne. Katin zaɓe, ɗan kunne ƙwaya ɗaya, hoton miji yana saurayi da tulin gashi, haƙorin fari na wani yaro an ƙulle a leda. Can ƙasa kuma ga katin, a lanƙwashe, wani da tabon manja. Unguwarzoma ta riƙa yi wa kowa tsiya. Ni kuwa lauje nake nema, in na gan shi in ce, "Wannan."

Wata matar ta riƙe nata gam. Ta ce, "Ni fa ban ga dalili ba. Mutumin da ya kwana kan ɗana lokacin ƙyanda, shi zan ba takardar tafiya da hannuna?" Unguwarzoma ta ce, "To riƙe, ki biya shi da haka." Matar ta yi tsaki, ta goge katin da zaninta, ta miƙo. Ta ce, "Ki ce mashi in ya je kar ya yi masu allura da zafi, su ba su saba ba."

Kafin la'asar na cika ɗankwali da katuna. Maigidana ya jera su a kan tabarma, tsoho a dama, sabo a hagu, yana lissafi da yatsu. Ya lissafa, ya sake. Sannan ya jingina da bedi. Mafi tsufa a cikinsu ya bar giɓin wata biyu kafin shekara uku ta cika. Dalili kuwa, farkon zuwanshi mata ba su yarda da shi ba, suna cewa wannan ɗan saurayin mi ya sani, sai da aka kwana biyu suka fara kai yara.

Ya ce, "Kin yi ƙoƙari. Tattara ki mayar masu."

Ni kuwa na san akwai gida ɗaya da ban buɗe samirarshi ba. Na sani sarai, domin ni na goya yarinyar. A makon da ya zo garin, Inna ce ta fara aikawa da autarmu, ta ce ita ba ruwanta da gemu, ilimi take bi. Ni 'yar budurwa aka ɗora wa goyon. Ranar na fara ganinshi, ya yar da auduga sau biyu. Autar ta tsala ihu, shi ya ba ta haƙuri da "yi haƙuri Hajiya", ni na tuntsire da dariya. Daga ranar ne komai ya faro.

Na shiga gida. Inna tana nan inda na bar ta, gyaɗar ta kusa ƙarewa. Na zauna na kama taya ta. Na ɓare ɗaya, na ɓare biyu.

Ta ce, "An samu?"

Na ce, "Saura wata biyu."

Ta kaɗe zaninta, ta ɗaga faifan da ke gefenta. Katin yana ƙarƙashi. Ba daga jere ta sauko da shi a lokacin ba, tun safe yake nan.

Ta ce, "Kina fita na ɗauko shi. Kin zaga gari kaf kin tsallake ɗakin uwarki. Na ce bari in ga ko za ki tambaya."

Na ce, "Inna, in na kai mashi wannan, tafiya za mu yi fa. Ba irin ta Ƙanƙara ba."

Ta ce, "Na sani, ai ba yarinya ba ce ni." Ta juya katin a hannunta. "Ranar da na aike ki da goyon nan ban san suruki nake aikawa a ɗauko mani ba. Yau ma ban san abin da nake aikawa ba. Amma aikin ya yi shi, gaskiyarshi ce, ba zan zauna a kanta ba don in riƙa ganinki ranar Sallah. Karɓi, kar hawayenki ya ɓata masu kwanan watan."

Washegari muka wuce Faskari. Tsohon ya sa tabarau, ya bi katunan ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan na autarmu ya kai shi kusa da hanci, ya ce, "Ka ga hannun sabon shiga, laujen ma karkatacce ne." Ya kalle ni ya ce, "Ɗiyata, wace makaranta kika yi?" Na ce, "Baba, aji shida." Ya ce, "Da ke na ba ajiyar littafin nan da bai jiƙe ba." Ya rubuta takardar, ya sa hannu, aka kai inda za a buga mata hatimi. Katuna kuwa ko ɗaya bai bar ƙasar ba. Na koma na mayar wa kowace nata, har mai tabon manja.

Amsa ta zo bayan wata da watanni cewa an karɓi shaidar, ranar ina wanki. Sauran matakan suka biyo baya a hankali, har ranar da muka tafi.

Yanzu yara biyu gare ni, ina zuwa ajin koyon Turanci na manya, kuma ni ce mai yi wa madubi magana. Tsoro bai bar ni ba, na dai gane halina ne. In yaro ya yi tari sau ɗaya sai na tashi gidan. Abin da na koya shi ne, tsorona ya iya ɓoye abu, ya kuma iya kiran ɓoyon da sunan addu'a. Na kuma daina raina idona. Mutanen da suka tantance maigidana ba su san da matan garinmu ba, ba za su taɓa sani ba, amma a kan ajiyarsu muka hau jirgi. Wani lokaci ina tsaye a kicin sai in ji kamar an buɗe murfi a bayana, har da ƙamshin goron.

Ranar da za mu taho, Inna ta zare samira ɗaya daga jerenta ta cusa mani a jaka. Maigidana ya ce nauyi, na ce a rage takalmanshi. A cikinta takardunmu na zama suke har yau. Ya sayo wata jaka mai zif da aljihu-aljihu, ya ce nan ake ajiye irinsu a ƙasar nan. Na sa mashi rasit ɗin wuta a ciki.

Sallar da ta wuce muka yi waya da Inna, irin wadda ake ganin juna. Na juya wayar na nuna mata samirar a saman kabad. Ta matso da fuska har hancinta ya cika gilashin, ta daɗe tana kallo. Na zaci kuka za ta yi, na riga na fara nawa.

Sai ta ce, "Murfin bai zauna ba. Tashi ki danna shi."

Na tashi na danna.