Dubiya da Kafireta a Aljihu

Ina kwance a gadon asibiti a Gwarzo, ana yi mini ƙarin ruwa, sai ga Alhaji, wani manomin tumatir daga Garo, ya yi sallama da ledar lemo a hannu.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ce. Kaya sun yi tsada, ba mai iya sayen sabon injin ban-ruwa, kowa sai gyara. Ni kuma gyaran injin ne sana'ata, bakina bai iya cewa a'a ba. Wata uku ko Juma'a ban huta ba, har na yanke jiki na faɗi a ƙofar shago.

Alhaji ya zauna ya gaishe ni a tsanake: ya jiki, ya iyali, ya masu jinya. Har ƙwalla ta taru mini, na ce ashe haka ake ƙaunata!

Sai ya zura hannu a aljihu, ya zaro kafiretar injinsa naɗe cikin tsumma.

"Malam, na ga a hannun hagu aka sa maka allurar. Na daman ai lafiyarsa ƙalau, ko?"

Wallahi har na miƙa hannu. Innata ce ta riga ni, ta karɓe ta tura ƙarƙashin gado.

"Ita ma an kwantar da ita, Alhaji. Ranar da aka sallame shi, a sallame ta."

Tun daga nan, ranar Juma'a shagona a kulle yake. Tumatirin Alhaji dai bai mutu ba, ni ne na kusa.

Ku fa, har ina aka taɓa biyo ku da aiki?