Gayyar Malam Dabo

Bakina bai taɓa kiran sunansa ba, Malam nake cewa. Mutanen ƙauyenmu, gabas da Zango, Malam Dabo suke ce masa, masu tsokana kuma Malam Ingila, alhali tafiyarsa mafi nisa Zariya ce. Ni ce matarsa, Kubura. Turanci ya koyar a firamare har ya yi ritaya, ni kuwa ko gaisuwa ban iya da shi ba, kuma ban ji na yi asarar komai ba.

Da ya bar aiki sai ya ƙi zama. Ya kafa allo a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu, yana koyar da Fulanin rugagen kewaye, masu raka shanu Kudu. Su abin da suke so bai wuce yadda za su amsa wa jami'an hanya ba, amma Malam ba ya ba ka tuwo sai ya gaya maka wanda ya shuka dawar. Kullum sai ya karkata ga tarihi. Ta bayan danga na sha ji, har na haddace. Ya ce mutanen Ingila ma daga ƙetaren teku kakanninsu suka zo da yarensu. Daga baya wani sarki daga ƙasar Faransa ya ci su da yaƙi, aka yi kusan shekara ɗari uku fada da kotu Faransanci ake yi, Turanci ya koma bakin manoma da makiyaya. Wai har yau saniya in tana da rai sunan talakawa take amsawa, in ta zama nama a kan akushi sai ta ɗauki sunan masu mulki. Fulani in sun ji nan wurin sai dariya, su ce ashe ko'ina mai kiwo ba shi ne mai ci ba.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a Malam ya yi murna kamar kowa, har sabuwar riga ya ɗinka. Rigimar daga Zakiyyu ta fito, tsohon ɗalibinsa, wanda ya dawo daga karatu da zafin jini da samari a bayansa. Ran nan suka yi sallama da hantsi. Na ji Zakiyyu yana cewa, "Allah gafarta Malam, yaren nan da shi aka rusa mu. Yanzu Allah Ya dawo mana da namu, a sauke allon nan."

Malam ya ce, "Zakiyyu, maganarka ta farko gaskiya ce. Amma su ma mutanen Ingila an rusa su da yaren wani, ba su toshe kunne ba. Sun kwashe kalmominsa sun zuba cikin nasu, yadda muka kwaso na Larabawa. Nuna min inda aka haramta sanin yaren mutane, yau in sauke."

Zakiyyu bai nuna ba, Malam bai sauke ba. Sai aka bi ta inda ya fi ciwo. Damina ta sauka, gero ya fito, ciyawa ta taso masa, ga Malam da ciwon baya, ga 'ya'yanmu duk mata a gidajensu. Kowace shekara gayya yake kira, gari ya fito a nome gonar a yini guda, mu kuma mu ciyar. Ya aika da goro kamar kullum. Sai Amadu, mahaifin Zakiyyu, aminin Malam tun suna yara, ya dawo da goron, yana sunkuyar da kai. Ya ce samari sun ce allo ko gayya, Malam ya zaɓa.

Ni dai na zaɓar masa. Na ce, "Malam, mutanen Ingila ne za su cika mana rumbu? Ka sauke na wata biyu, in an nome ka mayar." Ya ce shi bai iya ƙarya da allo ba. Ya ce in daka fura ranar Alhamis, ta mutum da yawa. Na daka, ina yi ina masifa, taɓarya ta ji a jikinta.

A garinmu ba abin kunya kamar ka kira gayya fura ta yi tsami a ƙwarya. Na kai ta gona na ajiye a inuwar gawo. Ba kowa sai Malam, tsoho guda a tsakiyar ciyawa, yana sara ɗaya yana dafa ƙugu. Masu wucewa a kan babur suna rage gudu su kalla. Wallahi na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa har hawaye ya zubo min.

Rana ta ɗaga sai ga Fulaninsa, ɗalibinsa Jafaru a gaba. Sun je gindin tsamiya ba su same shi ba, aka gaya musu dalili, suka bi gidaje suka aro fartanya. Mutanen da sanda ce gadonsu, suka faɗa gonar da ƙarfinsu duka. To, ƙaramin gero da ciyawa sai idon manomi. Su a wurinsu duk kore abincin saniya ne. Kafin in buɗe baki sun share kunya uku fes, ba ciyawa, ba gero.

Na yi kan Jafaru. Malam ya tare ni, ya ce, "Bar su, Kubura. Na gayyaci masu iyawa ba su zo ba." Ya tsuguna ya nuna musu ganyen gero, ya shiga gabansu. Suna bin sa suna saran da Allah Ya nufa, shi kuma ya ɗaga murya ya ci gaba da darasin jiya, na yadda manoman Ingila suka riƙe yarensu har jikokin masu mulki suka dawo suna magana da shi. Da gangan yake ɗagawa, don na kan hanya su ji. Fura kuwa ba ta yi tsami ba, har ƙwaryar aka lashe.

Rabin gonar ya tafi. A shekarar tun kafin bazara muka ga ƙasan rumbu, sai da ƙanena ya aiko mana da dawa daga Baure. Na sha goranta masa, kullum amsarsa murmushi. Bai sake kiran gayya ba, allon kuma bai sauka ba har ya kwanta ciwon ajali. Zakiyyu ne ya yi masa salla, ni dai ban tambaye shi komai ba.

Bayan na fita takaba Amadu ya aiko a tambaye ni ko a cire allon, tunda ba mai koyarwa. Na ce a gaya masa wanda ya taɓa shi zai san ni ce na daka furar ranar nan. Yana nan a gindin tsamiya, ban iya karanta ko harafi ɗaya na abin da ya bari a kai ba, amma in hadari ya taso ni nake fita in rufe shi da buhu.