Hannun Kaka Shigeno da Ganyen da Barewa Ta Ƙi

Kafin hazo ya ɗaga daga kan kogi, Kaka Shigeno ta riga ta zauna a kan ɗan akwatinta a ƙofar rumfar kayan lambu ta ƙauyenmu, da tire a cinya. Duk wanda ya tsinko ganye a dutse, na sayarwa ko na miyar gida, sai ya biyo ta gabanta. Ba dubawa take yi ba, don idanun sun yi fari tuntuni. Shafawa take yi. Ta bi bayan ganye da babban yatsa, ta karya gindin, ta kai hanci, sannan ta tura dama ko hagu. Abin da ya tafi hagu ba ya komawa hannun mai shi. Shekara arba'in da ɗaya ke nan tana wannan aiki, ba wanda ya naɗa ta.

An sha yin fushi da ita. Tsoho Genzo mai kiwon kifi ya taɓa ce mata tun tana goye yake cin laimar kwaɗi, ta ce ai shi ya sa kansa ya zama haka, ta juye rabin kwandonsa a kogi. Kowa da labarin da yake bayarwa a kanta. Wanda har yau ake rage murya in za a faɗa shi ne na gidan marigayiya Kikuno, bara, bayan ƙanƙara ta narke.

Gidan yana can saman tudu shi kaɗai. Jikar marigayiyar, Mizuho, ta zo daga birni don shirya addu'ar kwana arba'in da tara, ranar da ake cewa sai a ita mamaci ke gama barin gidansa. Ta so ta ciyar da dangi abin da kakarta ta saba ba su, wato urui, ganyen nan da 'yan birni ke kira hosta su shuka don ado, mu kuwa mu dafa tohonsa da daddawar waken soya. Kikuno na da iri-iri a lambunta, kowanne da ɗan katakon suna. Amma da Mizuho ta zagaya baya, sai ta tarar barewa ta gwaigwaye su duka har ƙasa. Cunkus ɗaya ne ya tsira, a wata kusurwa mai danshi, ya yi kore shar, ganyensa da kalmasa kamar an bi shi da dutsen guga. Babu katako a gindinsa.

Daga baya ta ce a ranta ji ta yi kakarta ce ta tsare musu shi. Ta yanka cikin kwano, ta dafa, ta bar wa gwaggonta rabawa, ta sauko sayen awara da ganye ɗaya a aljihu, don ta ji sunan irin ta faɗa wa baƙi.

"Kaka, wai wannan wane irin urui ne? Na tambayi waya har na gaji, suna uku ta ba ni."

Waɗanda ke wurin sun ce sau ɗaya yatsan ya bi ganyen ya tsaya cak. Urui na da kara kamar mariƙin cokali, jijiyoyinsa kuma daga ta tsakiya suke rabuwa. Wannan ba shi da kara, jijiyoyin duk daga gindi suka taso, kowacce ta kama hanyarta.

"Barewa ta taɓa shi, 'yar nan?"

"Ko kusa. Shi kaɗai ta bari."

"Kin dafa?"

"Yana kan tire ma, an kusa zama."

Kaka Shigeno ta miƙe, ta bar sandarta a jingine. Tsohuwa mai shekara tamanin da uku ta hau tudun nan Mizuho na haki a bayanta.

A gidan ba ka jin komai sai muryar malamin ibada da ɗan katakon da yake ƙwanƙwasawa. A ɗakin da ke kusa an jera tire goma sha bakwai, kowanne da ƙaramin kwanon ganye. Na sha takwas yana gaban hoton Kikuno, hayaƙin turare ya miƙe a kansa ko motsi ba ya yi. Kaka Shigeno ta taka tabarmar gidan mutane da takalmi a ƙafa, abin da ko mahaukaci ba ya yi. Malamin ya dakatar da addu'a. Ta durƙusa tana laluben tire ɗaya bayan ɗaya, tana juye kwanukan a gaban rigarta, har da na mamaciyar. Ɗaya ta iske an rage shi rabi.

Ta tambaya wa ya ci. Ta sake tambaya, sai Kawu Tatsuro, ƙanen uwar Mizuho, wanda bai taɓa iya jiran abinci ba, ya yi 'yar dariya ya ce ɗanɗanawa kawai ya yi, kuma ɗaci ya hana shi gamawa, ya ɗauka girkin 'yan birni ne haka.

"Ka taɓa leɓenka, Tatsuro. Kana jin sa?"

Ya taɓa. Dariyar ta ɗauke. Kafin motar asibiti ta iso ya fara amai, bugun zuciyarsa ya yi ƙasa. Kwanansa uku a gado, ya tashi. A cikin sauran sha shidan akwai mai ciki, akwai tsofaffi biyu da ba za su kai asibitin ba.

A wajen addu'ar kuwa, nan take mata suka fara raɗa cewa Kikuno ce ba ta son tafiya ita kaɗai. Kaka Shigeno ta ji. Ta sa aka kai ta kusurwar, ta buga ƙafa a ƙasa, ƙasar ta amsa kamar ganga. Ta ce nan masai, wato bayan gida, yake a da. A zamanin iyayensu kowane gida na shuka wannan dafin, baikeso, a bayan masai, a daka saiwar a zuba a rami ta kashe tsutsa. An binne masan shekara talatin da suka wuce, shukar ta zauna.

"Kikuno ba ta kira kowa ba," in ji ta. "Tsutsa take kashewa."

Sannan ta rarrafa cikin kututtukan da barewa ta bari, tana shafawa, har ta tsaya a kan wani wanda katakonsa ya ruɓe. Ta ce wannan ne urui na musamman na marigayiyar, ba wancan ba. Kikuno ta zo da shi daga gidan uwarta, bayan dutse, ranar da aka kawo ta amarya. Furensa fari ne, kuma ba shi cikin littafin kowa. Mizuho ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba a wajen addu'a.

Kaka, ke ce rariyar ƙauyen nan. Ke ce kika yarda a kira ki masifaffiya don mu wayi gari da ranmu. Ba mu san adadin waɗanda kika tare ba, don wanda bai mutu ba ba ya sanin ya kusa. Mun gode, a madadin mu da muka sani da waɗanda ba su sani ba.

Bana ta ce ta ajiye aikin. Yatsun sun fara mutuwa, watan jiya ta kama kanta tana shafa ganye sau biyu, ta ce mai shafa biyu wata rana zai tura dafi dama. Don haka duk mai hannu ya je ya zauna kusa da ita, ta kama yatsansa ta bi da shi kan jijiyar ganye. Kada a jira. Ta ce akwai gidaje goma sha huɗu da aka binne masansu, kuma ita kaɗai ta rage da ta san inda suke. Muna bin ta gida-gida da jan zare muna ɗaura wa dafin alama. Jiya muka kai na bakwai. Jikokin gidan sun iso ran Asabar, mun tarar sun riga sun share gindin dafin, sun ba shi ruwa, sun ɗauka urui ne.