Injin Inna a Cikin Tifa

Daminar da ruwa ya kwantar da katangu a Gyaɗi-Gyaɗi, ƙaramar hukuma ta ɗauke ni aikin sa ido kan kwashe ɓaraguzai. In tsaya katafila ta loda wa tifa, in tabbatar an kai juji, ba a juye a kwata ba. Har riga mai ƙyalli aka ba ni. Kai, ranar nan gaisuwa ma da ƙyar nake amsawa!

Da lungunmu aka fara, inda katanga ta danne rumfar maƙwabciyarmu, Inna mai markaɗe. Injinta ne ke ciyar da ita da jikokinta marayu, shi ne kuma ya hana ni barcin safe tun ina saurayi. Allah ya isan da na ja masa ba ta ƙirguwa.

Tifa ta cika ta tashi ke nan, sai ga Inna daga asibiti, ƙafa a naɗe. Ta dubi filin an share tas.

"Ɗan nan, ina injina?"

"Inna, ba a fitar da shi ba?"

"Wa zai fitar? Yana ƙarƙashin katangar!"

Innalillahi! Ga 'yan gwangwan can a juji suna jira, ƙarfe in ya shiga hannunsu sai dai labari. Na faɗa adaidaita sahu. "Malam, bi tifar can, taka!" Muka ratsa Unguwa Uku ina leƙo da kai, ina ihu, ina kaɗa rigata. Direban tifa ya zaci gaisuwa ce, har da ɗago mini hannu, ja'iri!

Mun isa juji tifa tana juyewa. Na tsunduma laka har gwiwa, na hango bakin injin, amma wani ɗan gwangwan ya riga ni cafka. Ya ja, na ja.

"Oga, kayan bola ai na kowa ne."

"Na tsohuwa ne, marayu take riƙo da shi!"

Ya dube ni, ya saki, har ya taya ni ɗauka. Daɗi kamar ya kashe ni.

Makanike ya sha fama da injin. Wata safiya ina barci, sai ƙarar nan mai fasa kai ta tashi. Wallahi tsalle na yi daga katifa, na wawuri robar tumatirin matata, na fita ba takalmi. Na tarar da layi har bakin kwata.

Inna ta hango ni ta bayan injin, ta ɗaga murya.

"Ku ba ɗan nan hanya! Yau babu Allah ya isa?"

Ashe duk shekarun nan tana ji.